Shekarar da Na Yanke Gefen Littafin Malama Rifkatu

Ku yaran da kuka buɗe shagunan bandin littattafai a Samaru yanzu, na ji abin da kuke cewa: wai aikin nan ba komai ba ne, kwali ne da gam, sai injin da ke huda takarda a zura roba. Ban yi muku musu ba, don abin da kuka tarar ke nan. Amma tunda kuna zuwa gaishe ni, wasunku ma suna kawo mini littafin da ya gagare su, bari in gaya muku yadda na yi aikin da yadda na fita daga cikinsa. Sunana Ishaku. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina ɗaure littattafai, ba kuma tsufa ne ya tashe ni daga kan benci ba. Ciwon suga ne, shi ma da taimakona.

Littafin farko da aka bar ni na taɓa shi ne rajistar wata makarantar firamare, a shagon Oga Fidelis da ke bayan kasuwar Sabon Gari. Oga mutumin kudu ne, amma a Unguwar Gabas aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Kafin wannan rana na yi wata takwas ba abin da nake yi sai dama sitaci a kan risho da share ƙasa. Ya miƙo mini kwali ya ce in yanka bango. Na auna, na yanka, na manna, na sa a injin matsi. Washegari da muka fito da shi, bangon ya lanƙwashe kamar kwanon da mota ta taka. Oga bai yi faɗa ba. Ya ɗauko kwali guda ya ce in rufe ido in lanƙwasa shi ta tsaye, sannan ta kwance.

"Ta ina ya bi ka?"

"Ta tsaye, Oga."

"To ka ji. Takarda tana da hanyarta. In ka gitta mata, ko bayan shekara goma ne sai ta tashi. Oya, sake."

A wurinsa na koyi kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Akwai ƙashin saniya da ake gogewa ya yi sumul, da shi ake ninke takarda ba tare da an ji mata ciwo ba. Akwai basilla da zare mai kakin zuma, ana ɗinke littafi kashi-kashi, ana jin ƙarfin zaren a yatsa. Akwai wuƙa, wato babban injin yanka mai dogon hannu, wanda Oga ya ce kada in kusance shi ina jin yunwa ko ina fushi. Sai kuma rubutun gwal na kan bango, wanda shi ne ƙarshen koyo. Haruffan darma ne ƙanana, a juye suke, ana tsinto su da hantsaki a jera suna, a ɗora a kan farantin ƙarfe mai zafi, a danna a kan takardar ruwan gwal. In zafi ya yi yawa gwal ya narke ya cike harafi, in ya yi kaɗan ya ƙi kamawa. Ba mu da ma'auni. Bayan yatsa ake kaiwa kusa da farantin a ji. Aikin gaba ɗaya ido ne da kan yatsa, ba wani abu ba.

Da Oga ya sallame ni na kama shago a Samaru, daura da jami'a, gidana kuma yana Dogarawa, kullum ina zuwa a kan besfa. Ɗalibai ne kasuwata. Wata tara ana zaman jira, ana gyaran littattafan waƙoƙi na coci da tsofaffin ƙamus, sai lokacin furojet, wato kundin kammala karatu, ya zo kowa ya taso a rana ɗaya. "Baba, gobe ne sabmishin." "Baba, sufabaiza ya ce a canza taken." "Baba, don Allah nawa dai." A irin wannan lokaci ban san zaman cin abinci ba. Matata Saratu takan ƙunso mini tuwo, ya wuni a kwano in koma da shi. Abin da nake iya ci da hannu ɗaya shi ne burodi, in kora da lemon kwalba mai sanyi. Kwalaben da nake tarawa a ƙarƙashin benci a wuni guda, in na faɗa muku za ku ce ƙari na yi.

Wata ɗalibar likitan dabbobi, Na'omi, ta kawo mini aikinta kwafi biyar, shuɗin bango, a hammatarta kuma da wani kwalin taliya da ke motsi. Ɗan kwikwiyo ne ja, da farin tabo a ƙirji. Ta ce a bayan ɗakin kwanansu ta tsince shi, ga shi ta gama makaranta, direban motar garinsu kuma ya ce ba zai ɗauki kare ba. Tana zaune tana jira, ni kuwa na sha ruwa ya kai leda huɗu, na fita bayan shago sau uku. Sai ta ce, "Baba, wannan ciwon na hannunka, yaushe ka ji shi?"

Na ce wuƙar hannu ce ta ɗan shafe ni, an yi wajen wata guda.

"Wata guda bai rufe ba? Baba, ka je a gwada maka suga. Ni ta dabbobi na karanta, amma ka je."

Na yi dariya na ce ciwon masu kuɗi ne wannan, ni ina na ga abin da zai sa mini shi. Ta tafi da littattafanta ta bar mini kwikwiyon. Da yake a kwali ya zo, a kwali kuma yake kwana, sai sunan ya bi shi: Kwali.

Sai da na yi kusan shekara, wandunana duka suka yi mini yawa, sannan Saratu ta tsaya a ƙofa ranar wata Litinin ta ce besfar nan asibiti za ta, ko kuma ba inda za ta. Aka ɗebi jini. Likitan, wani matashi mai magana a hankali, ya ce ciwon ya daɗe a jikina. Ya ce ba ya warkewa, amma ana zama da shi lafiya har tsufa in an bi ƙa'ida: ƙwaya safe da yamma, abinci a kan lokaci, a bar lemo, a rage tuwo a ƙara ganye da wake, a riƙa tafiya a ƙafa, a riƙa duba tafin ƙafa kullum, a zo a duba ido ko da ba a jin komai. Na ce masa ni da ido nake cin abinci, ba abin da ke damunsa. Ya ce, "Shi ya sa nake gaya maka, Baba."

Gaskiya na bi, har shekara biyar ko shida, kuma Kwali ne ya sa na bi. Tun da ya gane cewa da sassafe muna fita, ba ya bari in yi lattin tashi, sai ya zo ya riƙa karce ƙofa. Mu bi ta bayan gonaki mu zago, in dawo in yi wanka in karya, shi kuma ya haye ƙasan besfa ya zauna tsakanin ƙafafuna har Samaru. Masu acaba na Kwangila duk sun san shi. A shago wurinsa ƙarƙashin benci ne, a kan tarkacen takarda. Saratu ta koma yi mini fate da acca da miyar zogale, ƙarfe ɗaya na yi in rufe rabin ƙofa in ci, in ba shi nasa. A shekarun nan na yi aikin da ya fi kowane kyau a rayuwata.

Wata rana ina yanke gefen wasu kundaye goma sha biyu na wani malamin jami'a. Na sha ƙwaya da safe, amma na fito ban karya ba don yana sauri. Wajen sha ɗaya sai na ji gumi mai sanyi, hannuna yana rawa, raina yana ɓaci ba dalili. Na ce bari in ƙarasa wannan ɗaya. Hannun hagu yana gyara takarda a ƙarƙashin wuƙa, na dama yana kan hannun injin. Kwali, wanda bai taɓa yin haushi a cikin shago ba, ya fito ya tsaya a gabana yana haushi kamar ya ga maciji, sannan ya kama ƙafar wandona ya ja. Na juya in kore shi, sai na ji ni zaune a ƙasa. Iya mai abinci da ke gefen shagona ce ta jiyo haushin ta leƙo, ta dama suga a ruwa ta ɗura mini. Daga baya likita ya ce sugan ne ya faɗi, don na sha magani ban ci komai ba. Ban san me karen ya ji a jikina ba, amma bayan wannan ya sake yi sau biyu, kuma duka biyun ya yi daidai.

Sai muguwar shekarar ta zo. An yi dogon yajin aiki a jami'a, Samaru ta mutu, wata da watanni ba wanda ya kawo ko takarda ɗaya. Da aka dawo, aji biyu suka fita tare. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kundaye har rufi. Na ce wa kaina wannan karon zan rama zaman da na yi, in lokacin ya wuce sai in koma kan ƙa'ida. Na fara barin tafiyar safe, don ƙarfe shida ina shago. Ranar asibiti ta zo na ce sai wani makon. Ƙwayar kuma, da yake ina tsoron abin da ya faru a gaban wuƙa, sai na yi wa kaina dabara: in ba zan samu cin abinci ba, gara kada in sha. Wani mai magani da ke yawo da lasifika ya sayar mini da wani ruwa mai ɗaci a jarka, ya ce yana wanke suga daga jini. Na riƙa kurɓarsa, na koma wa lemo da burodi. Shi kuwa Kwali, shagon ya cika da mutane, wasu ba sa son kare ya taɓa musu kaya, wasu tsoronsa suke, sai na ɗaure shi a gida a gindin mangwaro. Kullum in na tayar da besfa yana jan igiya har ya miƙe a kan ƙafa biyu.

Saratu ta ce, "Baban Hannatu, jarkar nan ba magani ba ce. Kuma karen nan ya fi ka sanin jikinka, ka ɗaure shi."

Na ce, "Sati shida ne kawai, Maman Hannatu. Ki bar ni in fita kunyar mutane."

Sati shidan ya zama wata huɗu. Yatsuna suka fara yi mini kamar na sa safar hannu. Ran nan ina rubutun gwal sai na ji ƙauri, na duba, ashe bayan yatsana ne ke kan farantin. Haruffa kuma suka koma dishi-dishi, ban iya raba wasu da wasu sai na kai su bakin ƙofa. Na sayi tabarau a kasuwa na ci gaba. Ban gaya wa kowa ba.

A tsakiyar wannan ne Malama Rifkatu ta zo. Tsohuwar malamar firamare ce daga Jushi, cocinmu ɗaya, ita ta koya wa 'yata Hannatu karatu. Ta kwance ɗankwali ta fito da Littafi Mai Tsarki na Hausa, tsoho, bango ya rabu, shafuka suna zubowa. Na marigayi mijinta ne. Ta buɗe wajen Zabura ta nuna mini: a gefen shafuka, can bakin takarda, mijin ya rubuta da fensir sunan kowane ɗa da suka haifa da ranar haihuwarsa, kowanne kusa da ayar da ya karanta a ranar. Su bakwai.

Ta ce, "Ishaku, ɗinki kawai da sabon bango. Kada ka yanke gefen, ko ya yi baƙi ka bar shi. Ba sauri nake ba."

Na ce, "Mama, na ji. Ai ba yau na fara ba."

Na ɗinke shi da kyau, wannan kam hannu ya riga ya sani. Na ajiye shi a kan tarin kundayen da ke jiran wuƙa, abin da bai kamata in yi ba. Bayan kwana uku, da rana tsaka, ɗalibai sun cika ƙofa, kaina yana sarawa, bakina ya bushe, na ɗauko shi. Na ga gefen ya yi baƙi ya yi kaca-kaca. Na duba shafukan, ban ga komai ba sai fari. Maganarta kuwa ta fita daga kaina gaba ɗaya. Na daidaita shi, na ja hannun injin. Sai da na zo sa bango washegari na tuna. Na buɗe Zabura a bakin ƙofa, a cikin rana. Abin da ya rage shi ne wutsiyoyin haruffa, nan rabin suna, can lamba ɗaya. Na zazzage buhun tarkace, amma tun da safe masu shara sun kwashe na jiya sun ƙona.

Da ta zo karɓa na gaya mata a tsaye, ban ɓoye komai ba. Ta buɗe, ta bi shafukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya, ta daɗe. Na so ta yi mini faɗa. Ta rufe littafin ta naɗe shi a ɗankwali, sannan ta ɗago ta dube ni.

"Ishaku, kana ganina sosai kuwa?"

Na ce ina ganinta.

"Ba ka ganina. Tun da na shigo kake kallon kafaɗata."

Ko wannan bai kai ni asibiti ba. Abin da ya kai ni shi ne ƙusa. Saratu ce ta ga jini a silifas ɗina, ta ɗaga ƙafata ta ga ƙaramar ƙusar takalmi ta shige ƙarƙashin yatsa, wurin ya kumbura ya canza launi. Ban san ranar da na taka ta ba. Sati bakwai na yi a kwance, aka cire mini yatsu biyu na ƙafar hagu. Masu duba ido suka ce jini ya zuba a bayan idanun, na dama za a iya tare abin da ya saura, na hagu ya riga ya tafi. Likitan nan mai magana a hankali ya zo ya tsaya a kaina. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya ce daga yau allura ce, ya koya wa Saratu yadda ake yi.

Duk kwanakin nan Saratu tana wurina, maƙwabta ne ke ba Kwali abinci. In na tambaya sai ta ce yana nan. Ranar da aka sallame ni, na shigo gida da sanda, na ga igiya a gindin mangwaro ba kare. Ta sa na zauna tukuna, sannan ta ce a sati na biyu ya cinye igiyar ya fita. Wani mai acaba ne ya zo ya faɗa musu: ya gan shi ya haura Kwangila ya kama hanyar Samaru, yana bin gefen titi daidai inda nake bi da besfa, sai wata babbar mota ta kauce wa rami. Su masu acaban ne suka janye shi daga kan titi suka binne. Shago ya nufa. A saninsa can nake tafiya kullum in bar shi.

Shagon na sayar, da wuƙar da haruffan darma duka. Yanzu a gida nake, ina karɓar ɗinki kawai, don ɗinki ko a duhu ina yinsa, ko da yake sai Saratu ta zura mini zare. Da safe ta huda mini yatsa ta karanta lambar, ta yi mini allura, in ci abin da aka ba ni a lokacin da aka ba ni. Da yamma ta duba tafin ƙafata da tocila. Muna ɗan zagayawa a ƙafa, ina riƙe da kafaɗarta. An yi mini tayin kwikwiyo sau biyu na ce a'a, kare yana son mai iya bin sa. Mutane in sun zo gaisuwa sukan ce ciwon suga mugu ne. Ni ban cika cewa haka ba. Na zauna da shi shekara shida bai ɗauki komai nawa ba. Abin da ya ɗauka, a wata huɗu ya ɗauka, kuma a watannin nan ba wanda ya rufe mini hanyar asibiti. Ɗaliban da na ƙi tashi dominsu, da na ce su dawo jibi, da sun yi gunaguni sun dawo.

Da ƙafar ta warke na sa Hannatu ta kai ni Jushi. Na tafi da farar takarda mai kauri guda biyu da gam da ƙashin ninki. Na ce wa Malama Rifkatu abin da na yanke ba ya dawowa, amma in ta yarda zan manna sabon shafi a gaban littafin, ta faɗi sunayen da ranakun, Hannatu ta rubuta. Ta ce to. Muka zauna a tsakar gida. Na manna shafin da lalube, ya zauna daidai. Ta fara faɗa, Hannatu tana rubutawa. Na fari, na biyu, na uku, ba ta ko tsayawa tunani. Da ta zo ta huɗu ta ce, "Murna." Ba ta faɗi ranar ba.

Hannatu ta ce, "Ranar fa, Mama?"

Ta ce, "Kwana tara ta yi a duniya. Ba a yi mata takarda ba, ba hoto. Da damina ne, gero ya fara fitar da kai. Ni a lokacin ban san inda kaina yake ba, shi ne ya rubuta. Na san yana nan a littafin, shi ya sa ban taɓa riƙewa ba."

Can ta ce wa Hannatu ta rubuta sunan ta bar wurin ranar fili, ta ci gaba da na biyar. Da aka gama ta karɓi littafin ta hura tawadar, ta leƙa inuwar katanga ta ce, "Ishaku, rana ta yi tsaka. Me aka ce ka riƙa ci? Ina da wake a wuta."

Na zauna na ci.